Wiki, Wikipedia, Wikimedia, MediaWiki: ina ya kamata ka kai abin da ke hannunka?

Za ka ji mutum ya ce "a wiki na gani", wani ya ce "Wikimedia ce ta goge min rubutu", wani kuma ya tambaye ka ko mutumin nan na WikiLeaks shi ne mai Wikipedia. Sunayen sun yi kama da juna ƙwarai, kuma da a baki kawai ruɗanin ya tsaya, da ba abin damuwa ba ne. Sai dai yana jawo asara ta zahiri. Matashi zai kwana yana rubuta tarihin kakansa, ya saka shi inda ba a karɓar irinsa, kafin azahar an goge, shi kuma ya yi fushi ya bar harkar gaba ɗaya. Wata za ta ɗauki hotunan hawan salla masu kyau a garinsu, ta rasa inda za ta kai su, su yi ta zama a waya har ranar da wayar ta lalace. Wani kuma zai tura kuɗi ga wanda ya ce masa shi wakilin Wikipedia ne. Abu ɗaya ne ya cuce su duka: ba su san wane suna ne na mene ne ba, don haka ba su san wurin da aka tanada domin abin da ke hannunsu ba.

A fara da kalmar da ta fi sauran faɗi. Wiki ba sunan kamfani ba ne, ba kuma sunan wani shafi guda ba. Nau'in shafin intanet ne da masu karanta shi ke iya gyara shi daga inda suke zaune, ba sai sun iya rubuta manhaja ba, kuma yana ajiye duk gyaran da aka taɓa yi masa. Wani Ba'amurke mai rubuta manhaja, Ward Cunningham, shi ya buɗe na farko a watan Maris na 1995, ya sa masa suna WikiWikiWeb, domin abokan sana'arsa su riƙa musayar dabarun aiki. Ke nan wiki ya girmi Wikipedia da kusan shekara shida. A yau akwai wiki na masu wasannin kwamfuta, akwai na jami'o'i, akwai na cikin kamfanoni wanda ma'aikata kaɗai ke iya shiga.

Abin da ya raba wiki da rubutun da mutum ke sakawa a Facebook shi ne shafin tarihi, kuma ya kamata kowa ya taɓa buɗe shi ko da sau ɗaya ne. Ka shiga kowace muƙala a Wikipedia ka danna tarihi. Za ka ga layuka jere, na baya-bayan nan a sama. Kowane layi yana ɗauke da rana da lokaci, da sunan wanda ya yi gyaran, da wata 'yar lamba, koriya idan ƙari ya yi, ja idan ragi ya yi, sai kuma ɗan bayanin da ya bari, kamar "na gyara ƙa'idar rubutu" ko "na cire maganar da ba ta da madogara". Idan ka zaɓi layi biyu, shafin zai kawo maka su kusa da juna, ya nuna maka kalmar da aka cire da wadda aka maye gurbinta da ita. Saboda wannan ne ɓarna ba ta daɗewa a shafin da ake kula da shi: wanda ya zo ya share sakin layi goma, da dannawa ɗaya ake dawo da su.

Wikipedia kuwa wiki guda ne a cikin dubbai, sai dai shi ya fi kowane suna. Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe shi ranar 15 ga Janairu, 2001. Kafin nan suna da wani kundin ilimi mai suna Nupedia, wanda masana ke rubutawa, wasu masanan su tantance, aikin kuma ya riƙa tafiyar hawainiya har aka rufe shi bai kammala muƙala talatin ba. An buɗe Wikipedia ne don ya taimaka wa wancan, sai ya zo ya shafe shi. Yanzu yana cikin harsuna fiye da 300, kuma a nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kowane harshe gidan kansa ne. Wikipedia ta Hausa, wadda adireshinta ke farawa da ha, ba fassarar ta Turanci ba ce, ba kuma reshenta ba ce. Masu gyara ta su ke tsara dokokinta na cikin gida, su ke zaɓen masu kula da ita. Muƙala kan iya zama a ta Hausa babu ita a ta Faransanci, ko a karɓe ta a nan a ƙi ta a can.

Wikimedia suna ne da ake kiran abu biyu da shi. Na farko gidauniya ce mai zaman kanta, ba ta neman riba, an kafa ta a watan Yuni na 2003 a jihar Florida ta Amurka, daga baya ta koma San Francisco. Ita ke riƙe da manyan kwamfutocin da shafukan ke zaune a kai, ita ke biyan injiniyoyi da lauyoyi, ita ke da haƙƙin sunan da tambarin. Kuɗinta daga gudummawar jama'a yake fitowa, shi ya sa ba ka ganin talla a Wikipedia. Amma ba ita ke rubuta muƙaloli ba, ba kuma ma'aikatanta ke zama suna yanke hukuncin wace za a bari wace za a goge ba. Wannan aikin 'yan sa kai ne. Na biyu, ana cewa Wikimedia ana nufin tafiyar baki ɗaya: shafukan da gidauniyar ke ɗauke da su, da mutanen da ke aiki a cikinsu, da ƙungiyoyin da aka amince da su a ƙasashe da harsuna daban-daban. Akwai irin wannan ƙungiya ta Najeriya, akwai kuma ta masu gyara da Hausa. Su ke shirya horo da gasar rubutu, wani lokaci da tallafin kuɗi daga gidauniyar, kuma a 2019 Abuja ta karɓi WikiIndaba, taron masu wannan aiki na Afirka. Amma zama ɗan ƙungiya ba ya ba mutum iko a kan abin da muƙala za ta ce.

MediaWiki, wanda ya fi rikita mutane saboda kamar an juya sunan ne kawai, manhaja ce. Ita ce injin da ke sarrafa shafukan. An fara rubuta ta domin Wikipedia a 2002, da hannun Magnus Manske sannan Lee Daniel Crocker, aka raɗa mata wannan suna a 2003. Kyauta take, kowa na iya sauke ta ya kafa nasa wiki. Idan ana son kwatance, wiki kamar kalmar kasuwa ce, Wikipedia kasuwa guda ce mai suna kamar Kurmi, gidauniyar ita ke biyan kuɗin wuta da gadi da gyaran rufi ba tare da ta ce ga abin da za a kasa a rumfa ba, MediaWiki kuma bulo da kwanon da aka yi ginin da su ne, waɗanda wani zai iya ɗiba ya gina tasa kasuwar a wani gari.

Wannan ne dalilin da ya sa za ka shiga wani shafi ka ga kamarsa ɗaya da Wikipedia, launi da tsari da komai, alhali babu abin da ya haɗa su sai manhaja. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka duba adireshin, sannan ka gangara ƙasan shafin. Shafukan gidauniyar suna ɗauke da alamar da ke cewa aikin Wikimedia ne. Wanda ya ari manhajar kawai, alamar MediaWiki ce kaɗai za ka gani, wani ma ya cire ta. WikiLeaks, wanda Julian Assange ya kafa a 2006 don fallasa takardun sirri, ba shi da wata alaƙa da Wikipedia ko gidauniyar, kuma tun tuni ba a barin jama'a su gyara shi. wikiHow kamfani ne na daban da aka kafa a 2005. Fandom, masaukin wiki na masoya fina-finai da wasanni, ya fi su ruɗarwa, domin Jimmy Wales ɗin nan ne ya kafa shi tare da Angela Beesley a 2004, da sunan Wikicities, daga baya Wikia. Amma kamfani ne na kasuwanci, yana cike da talla, kuma asusunsa daban da na gidauniyar.

To, yanzu ga mutum da abu a hannu. Ina zai nufa?

Idan bayani ne a kan wani gari, ko sarki, ko cuta, ko sana'a, ko wani abin da ya faru, kuma an riga an yi rubutu a kansa a wuraren da ake yarda da su, Wikipedia ce wurinsa. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne inda mafi yawan sababbi ke tuntuɓe. Wikipedia ba ta karɓar bayani don kawai gaskiya ne. Tana karɓarsa ne idan wani zai iya zuwa ya duba inda ka samo shi: littafi, jarida, mujallar ilimi, rahoton hukuma. Ba ta karɓar binciken da kai ka fara yi ba a buga shi ko'ina ba. Kuma kafin a buɗe wa mutum ko ƙungiya muƙala, ana son a ga cewa wasu da ba su da alaƙa da shi sun yi rubutu mai tsoka a kansa, ba ambato a layi ɗaya ba, ba kuma sanarwar da shi ya biya aka buga ba. Kakanka na iya zama babban malami da ya yaye ɗaruruwan almajirai, kowa a unguwa ya shaida, amma idan ba a taɓa rubuta shi a inda za a duba ba, muƙalar za ta sha wuya.

Wannan doka tana yi mana nauyi fiye da yadda take yi wa Turawa, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Tarihinmu da yawa yana bakin dattawa, ko a takardun ajami cikin gafaka, ko a kaset ɗin gidan rediyo da ba wanda ya juya. Duk da haka ina goyon bayan dokar, domin ba don ita ba da kowane mai son sarauta ya rubuta wa gidansu asalin da ya ga dama, mai gaba da wani ya rubuta masa abin da ya so. Abin da ya kamata a sani shi ne madogara ba sai ta Turanci ba, ba kuma sai tana intanet ba. Tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, madogara ce. Rahoton Aminiya ko na sashen Hausa na BBC madogara ne. Littattafan da ke Arewa House a Kaduna madogara ne, muddin ka ba da sunan littafi da marubuci da shekara da lambar shafi. Wanda yake da tarihin baka a hannu, hanyarsa ita ce ya fara kai shi inda za a tantance a buga, jarida ko mujallar jami'a ko littafi, daga nan ne Wikipedia za ta iya ɗauka.

Sai zaɓin harshe. Mutane da yawa suna rugawa ta Turanci saboda ta fi masu karatu. Gaskiya ne ta fi, amma ƙofarta ta fi tsauri: sabon asusu ba ya buɗe muƙala kai tsaye sai ya kwana huɗu ya kuma yi gyara goma, kuma masu tantancewa a can ba sa ɗaga ƙafa. Shawarata ga mai jin Hausa da kyau ita ce ya fara da ta Hausa. A nan ne aikinsa zai fi tasiri, domin muƙala ɗaya mai kyau a kan zazzaɓin cizon sauro ko noman rani za ta amfani wanda ba shi da wani wurin da zai karanta wannan bayani da harshensa. Sai dai a guji abin da ya fi komai ɓata mana shafin, wato kwafo muƙalar Turanci a zuba wa injin fassara a manna ba tare da an karanta ba. Akwai na'urar fassara a cikin Wikipedia kanta, kuma tana da amfani, amma an yi ta ne don ta ba ka daftari ka gyara. Muƙala ɗari da Bahaushe zai karanta ya kasa gane kansu ba su kai guda biyar da aka zauna aka rubuta ba.

Idan abin da ke hannunka hoto ne, ko sauti, ko bidiyo, ko taswira, wurinsa Wikimedia Commons, rumbun da aka buɗe a watan Satumba na 2004. Amfaninsa shi ne sau ɗaya kake ɗorawa, kowace Wikipedia ta kowane harshe ta iya ɗauka. Hoton marinar Ƙofar Mata da ka ɗauka da wayarka zai iya fitowa a muƙalar Hausa da ta Larabci da ta Japananci a rana ɗaya, da sunanka a jikinsa. Kuma a nan ba a tambayar ko an taɓa rubutu a kan abin. Ana tambaya ne ko yana da amfanin ilimi, da kuma ko kana da ikon bayar da shi.

Tambaya ta biyun ita ce mai wuya. Lokacin ɗorawa, shafin zai tsayar da kai ya ce: wannan aikinka ne ko na wani? Mutane kan danna "nawa ne" don hoton yana cikin wayarsu. Ba haka ake nufi ba. Mai hoto shi ne wanda ya ɗauka. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp ba naka ba ne, wanda ka sauke daga Facebook ba naka ba ne, hatta hotonka da mai hoto ya ɗauke ka a wurin biki, a ƙa'idar Commons, izinin wanda ya riƙe kyamarar ake nema. Irin waɗannan ana goge su, kuma wanda ya yi ta maimaitawa ana toshe shi. Sannan ka san abin da kake bayarwa: lasisin da za ka zaɓa yana ba kowa a duniya damar amfani da hoton, ya sake masa fasali, har ya sa shi a littafin sayarwa, muddin ya ambaci sunanka kamar yadda lasisin ya ce. Commons ba ya karɓar sharaɗin "ban da kasuwanci", kuma idan ka bayar ba ka janyewa. Mai sana'ar hoto da ke ci da aikinsa ya yi tunani kafin ya ɗora, ya zaɓi waɗanda zai iya sadaukarwa. Wani abin kuma da ya shafe mu sosai: hoton mutane a cikin gida, musamman mata da yara, ba a ɗora shi sai da yardarsu. Dokar wurin ta faɗi haka, tarbiyyarmu ma ta riga ta faɗa. Ga mai bidiyo, ya sani cewa irin wanda waya ke ɗauka, MP4, ba ya shiga kai tsaye, sai an juya shi zuwa wani tsarin bidiyo mai suna WebM.

Wikidata shi ne wanda aka fi rainawa, alhali a ganina shi ya fi dacewa da mai ƙarancin lokaci da ƙarancin data. An buɗe shi a watan Oktoba na 2012, reshen Wikimedia na Jamus ne ya jagoranci gina shi. Ba a rubuta jimla a cikinsa. Kowane abu yana da lamba mai farawa da Q: Najeriya Q1033, Nijar Q1032. A ƙarƙashin lambar akwai sunan abin a harsuna daban-daban, da ɗan bayani na layi ɗaya, sai jerin maganganu gajeru: babban birni, Abuja, nahiya, Afirka, da sauransu, kowace da gurbin da za a saka madogararta. Kwamfuta na iya karanta wannan kai tsaye. Shi ne ke haɗa muƙalar Hausa da takwarorinta na sauran harsuna, kuma akwatin bayanan da kake gani a gefen muƙaloli da yawa na Wikipedia ta Hausa daga can yake janyo abin da yake nunawa. Idan ka ga Turanci ya leƙo a cikin akwatin nan, yawanci dalilin shi ne ba wanda ya saka sunan abin da Hausa a Wikidata. Ka je ka saka sau ɗaya, duk muƙalolin da ke janyo wannan abu sun gyaru. Ƙofarsa ma ta fi ta Wikipedia faɗi: makarantar firamare ko ƙaramin asibiti ko ƙauyen da ba a yi rubutun da zai isa muƙala a kansa ba, zai iya samun lamba idan akwai takardar kirki da ta tabbatar da shi. Bambanci ɗaya da ya kamata a riƙe: rubutun Wikipedia sai an ambaci inda aka ɗauko kafin a yi amfani da shi, bayanan Wikidata kuwa an sake su gaba ɗaya, ba sharaɗin ambaton kowa.

Sauran 'yan'uwan ba sa buƙatar dogon bayani. Kalma da ma'anarta da jam'inta da yadda ake furta ta, Wiktionary ne wurinsu, kuma akwai na Hausa. Tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, naɗar murya tana da daraja a nan, kuma akwai manhaja mai suna Lingua Libre da aka yi don wannan aiki, tana aika sautin zuwa Commons. Wikipedia za ta gaya maka mene ne kilishi da inda ake yin sa, amma matakan haɗa shi ɗaya bayan ɗaya na Wikibooks ne, inda ake rubuta littattafan koyo. Yadda za a je Agadas, da inda za a sauka, da abin da za a ci, na Wikivoyage ne. Harshen da bai samu tasa Wikipedia ba yana fara zama a Incubator har ya tara masu gyara, kuma ta nan Dagbani na Gana ya fito a 2021, Tyap na kudancin Kaduna ya biyo a 2022.

Wikisource ne ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Wurin ajiye rubuce-rubucen da aka riga aka wallafa ne, waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare ko mai su ya sake su. Ana ɗora hoton shafukan littafin a Commons, sai masu aiki su riƙa buga rubutun suna kallon hoton a gefe. Shafin da ba a duba ba ja ne, wanda mutum ɗaya ya duba rawaya, wanda na biyu ya tabbatar kore. Ba wurin saka waƙar da ka rubuta jiya ba ne. Ba kuma wurin saka duk tsohon littafin da ya zo hannu ba ne: a dokar Najeriya haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun daɗe da fita daga wannan, ko da yake fassara ko sharhin da wani ya yi musu a zamanin nan yana da nasa haƙƙin. Littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, ba su fita ba tukuna, komai yawan yadda suke yawo a wayoyi.

Duk waɗannan shafuka na gidauniyar asusu ɗaya ke buɗe su. Sunan da ka yi rajista da shi a Wikipedia ta Hausa shi zai shigar da kai Commons da Wikidata. Idan kuma aka taɓa aikinka, ka fara gane me aka yi. Mayar da gyara kowa na iya yi, rubutunka kuma yana nan a tarihi. Goge shafi, da kulle shi, da toshe asusu, aikin admin ne, wanda ɗan sa kai ne irinka da jama'ar shafin suka zaɓa. Wurin magana shi ne shafin tattaunawa na muƙalar ko na wanda ya yi gyaran, ba ofishin gidauniya ba. Babu wanda ke sayar da shafi a Wikipedia. Tun 2014 ƙa'idojin amfani suka wajabta wa duk wanda ake biya don ya yi gyara ya bayyana wanda ke biyansa, kuma ko ya bayyana ba shi da ikon hana a goge abin da ya rubuta. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya tabbatar maka da shafin da ba za a taɓa ba, alkawarin abin da ba ya hannunsa yake yi.

Saura wanda abinsa bai dace da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba: ƙungiyar ci gaban gari mai son tara tarihin unguwanni daga bakin dattawa, zuri'a mai son rubuta salsalarta, makaranta mai son ajiye darussa. Wannan shi ke buƙatar wiki nasa na kansa, inda shi zai kafa doka, ya ce tarihin baka karɓaɓɓe ne idan an faɗi wanda ya bayar da shi da ranar da aka ji. Zai iya kafa MediaWiki a wurin da ya yi haya a intanet, ya samu cikakken iko, amma da kuɗin haya duk shekara da buƙatar wanda ya iya sabunta manhajar. Zai iya zuwa Miraheze, inda 'yan sa kai ke ba da masaukin MediaWiki kyauta ba talla, bisa sharuɗɗansu. Fandom ma kyauta ne, sai dai an gina shi ne domin masoya fina-finai da wasanni, kuma ba kai ke zaɓen tallan da zai fito kusa da tarihin malaminku ba, don haka ban ga dacewarsa da irin wannan aiki ba. Ga ƙaramin ofishi, DokuWiki ya fi sauƙin riƙo, tunda a fayilolin rubutu yake ajiye shafukansa, kwafe su ba wuya.

Kafa wiki aikin yini ɗaya ne, riƙe shi ne aikin. Shafin da aka bari a buɗe ba mai dubawa, masu tallan banza ne ke cika shi cikin 'yan makonni. Ana buƙatar wanda zai riƙa ajiye kwafi a wani wuri daban, kuma kada kalmar sirrin mai kula ta zauna a hannun mutum ɗaya, domin ranar da ya yi tafiya ko aka saɓa, aikin kowa ya kulle. Ƙungiyar da ba ta da mutum biyu da za su riƙa leƙa shafin sauye-sauyen baya-bayan nan ko da sau ɗaya a mako, gara ta fara da takarda guda a Google Docs wadda mambobi za su riƙa gyarawa tare, ta bar maganar wiki sai shafukan sun yi yawan da suke buƙatar a haɗa su da juna.